Yadda Kawu Ya Nuna Mini Kano da Ƙafa

Ana saura kwana biyu Ƙaramar Sallah ta shekarar 2007 aka aike ni Kano daga Malumfashi. An sa bikin ƙanwata mako uku bayan Sallah, Inna kuwa ta daɗe tana tara kuɗin kayan ɗaki, na adashi da na tumakin da ta sayar. Ta ƙulle su a tsumma, ta sa na ɗinke bakin aljihun 'yar cikina da zare da allura a gabanta, sannan ta ce, "Amana ce. Ko ruwan leda kada ka saya a ciki." Ni a lokacin sabon malamin firamare ne, albashi bai shigo ba. Abin da na mallaka bai wuce kuɗin motar zuwa da komowa ba, sai 'yan canjin da ba su taka kara sun karya ba.

Muka biyo hanyar Gwarzo, muka sauka a Kabuga da hantsi. Yinin nan kaf a Kantin Kwari da kasuwar Ƙofar Wambai na yi shi, ana turereniya, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Da la'asar na gama aka ɗaure kaya, sai direban garinmu da aka ce in damƙa wa ya ce shi kam ya yi lodinsa na ƙarshe, ba zai juyo ba sai uku ga Sallah. Ba ni da kuɗin shatar wata mota, ba kuma zan bar kayan amana in tafi ba. Haka kwana huɗu suka same ni a birnin da ban taɓa kwana a cikinsa ba.

Kawu yayan Inna ne. Ya zo Kano almajiranci tun zamanin Sarki Sanusi na ɗaya, bai koma ba. Ɗinkin hannu ne sana'arsa, aikin babbar riga, yana zaune a wani gidan ƙasa a Soron Ɗinki, zauren gidan shi ne shagonsa. Nan aka jibge kayan, nan aka shimfiɗa mini tabarma. Bayan mun sha ruwa na faɗa masa abin da ke damuna: ga ni a Kano a kwanakin da kowa ke marmarin zuwa, amma aljihu ba nauyi, sai dai in zauna gadin kwanuka har Sallah ta wuce. Ya ɗago kai daga rigar ƙarshe da yake ƙarasawa a hasken fitilar ƙwai, ya ce, "Malam ƙarami, wa ya gaya maka da kuɗi ake ganin birni? Mai mota titi yake gani. Birni a lungu yake, lungu kuwa ƙafa yake so. Gobe in Allah ya kai mu, ka sa takalmin da ba ya cizo."

Abu ɗaya ya saya da safe kafin mu kama hanya: 'yan ƙwayoyin goro, fari da ja, aka naɗe masa a ganye ya jefa a aljihu. Ban gane amfanin goro da rana tsaka cikin azumi ba sai da muka isa marinar Ƙofar Mata.

Marinar tana bakin titi, kusa da asibitin Murtala, a jikin ƙofarta an rubuta 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ba wanda ya tare mu. Kawu ya yi sallama, ya bi marina ɗaya bayan ɗaya yana "sannunku da aiki, ya ibada?" har ya kai ga wani dattijo a can ƙurya, ya tsuguna kusa da shi, ni ma na tsuguna. Warin wurin ne ke fara tarbar baƙo, tsami-tsami haɗe da toka. Ramuka ne jere a ƙasa, bakinsu zagaye, an kifa wa wasu murfin saƙa mai tsini kamar malafa. Dattijon yana zaune a bakin nasa, ƙafafu a ware, shuɗi ya kama hannunsa har cikin farce, irin kamun da ba sabulun da zai fitar.

Ya ɗauki farin ƙyalle ya tsoma, ya juya shi a hankali a ƙarƙashin kumfa, ya ɗago. Na sa ran ganin shuɗi, sai na ga kore, kore shar kamar ruwan kududdufi. Ya baza shi sama yana ɗigar da ruwa, a kan idona koren nan ya soma duhu daga gefe-gefe, yana shiga tsakiya, har ƙyallen ya koma shuɗi gaba ɗaya. Na ce, "Baba, me kuka ƙara masa?" Ya ce, "Ba abin da na ƙara. Iska ya sha. Ruwa rabin aiki yake yi, iska ta ƙarasa." Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa. Mai son shuɗi mai haske ba ya daɗewa. Mai son wanda ya yi duhu har ya kusa baƙi, sai marini ya shafe sa'o'i yana tsomawa yana ɗagowa, bayansa a sunkuye, ga azumi a baki. Ya lissafa mini abin da ke cikin ramin: ganyen baba, toka, da katsi, wato dattin tsohon rami da ake kwashewa a busar a ƙona. A zuba ruwa, a bar shi kwanaki yana tsima, ana motsa shi da doguwar sanda har ya nuna. Rami in ya nuna yakan yi watanni ana cin abinci da shi kafin ya mutu. Zanen da ke fitowa a jikin ƙyallen kuwa, da'ira-da'ira da ɗigo-ɗigo, aikin mata ne a cikin gida, su ke ƙulle shi da zare kafin ya iso marina.

Da za mu tashi Kawu ya zaro goro biyu ya miƙa masa, ya ce, "Ga na bayan shan ruwa, Malam." Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mana addu'a doguwa, har da ƙanwata da bai sani ba. Ni kuma na taya wani ɗan ƙaramin rinannen ƙyalle, ya sallama mini a kan kuɗin da bai fi na kwanon ɗanwake ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ramukan da suka mutu. Sun fi masu rai yawa, sun bushe, leda da ƙasa sun cika wasu. Dattijon ya bi su da ido ya ce masu su sun rasu, 'ya'yan sun kama wata sana'a, atamfar kanti ta fi araha.

A bayan marinar muka ji wani sauti kamar ana daka a turmi uku lokaci ɗaya. 'Yan bugu ne, zaune a ɗaki mai duhu, sun shimfiɗa rinannen yadi a kan gungume suna bugunsa da manyan guduman itace, hannu na sauka na wani na tashi, ba sa karo. Da bugun nan ne yadi ke ɗaukar ƙyalli. Kawu ya ce irin wannan aikin ne ya sa Buzaye ke tasowa tun daga Agadas neman turkuɗi da rawani ɗan Kura.

Daga nan muka nutsa cikin lunguna. Wani lungun in mai kura ya shigo sai kun manne da bango. Kawu ba ya tafiya da sauri, kuma ba ya wuce majalisa bai yi sallama ba, don haka tafiyar da za a yi a rabin sa'a ta ci mana har azahar. Duk unguwar da muka shiga sai ya tsaya ya ce, "Faɗi sunanta." In na faɗa, ya ce, "To, me ka ji a ciki?" A haka na gane sunayen unguwannin birni kansu littafi ne da ba a saya. Zangon Barebari, inda fataken Barno ke sauka. Tudun Nufawa. Agadasawa. Ayagi, ta Yarbawa 'yan kasuwa. Alfindiki, daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. Dandalin Turawa, wanda na ɗauka na Ingilishi ne, ashe Larabawan Tarabulus da Gadamas ake kira Turawa tun kafin a ga Bature a ƙasar nan. Madabo, mazaunin malaman Wangarawa da Tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji. Sharifai, inda zuriyar Shehu Magili take, malamin da ya zo wurin Rumfa ya rubuta masa littafi kan yadda ake riƙon mulki. Na karanta wasu daga cikin sunayen nan a kwalejin horon malamai don cin jarrabawa. Ban taɓa kawowa a raina cewa wurare ne da ake soya awara a bakin ƙofa, yara na wasan langa a ciki ba.

Kasuwar Kurmi a ranar jajibere ba masaka tsinke. Rumfa ne ya kafa ta a ƙarni na 15, kuma har yau rumfunanta a matse suke, kowace sana'a da layinta. Kallo a Kurmi kyauta ne muddin ka iya gaisuwa, ba ka kuma taɓa abin da ba za ka taya ba. Mun daɗe a layin 'yan sirdi, don ranar tasu ce: barorin hakimai sun cika wurin, wannan na neman linzami, wancan an kawo masa likkafa gyara, ga jalala ja da ruwan ɗorawa an rataye tana walƙiya. Muka wuce dukawa, masu ƙwarya, masu kanwa da gishirin Bilma, muka tsaya wurin masu littattafai, inda Kawu ya sayi tawadarsa ta farko yana yaro. Ishiriniya da Ahalari da Iziyya a jibge, ga alluna sababbi suna ƙamshin itace. Daga baya na karanta cewa Bajamushen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufar da ake saƙawa a rina a nan tana kaiwa har Tarabulus da Tambutu.

A wata kusurwa Kawu ya tsaya, ya rage murya. Ya ce, "Nan ma ka sani. A kasuwar nan an sayar da mutane, kamar ni kamar kai." Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Mun yi tafiya mai ɗan nisa ba wanda ya yi magana. Na gode masa da bai ɓoye mini ba, domin mai nuna maka garinsu yakan so ya tsallake irin wannan.

Da la'asar sakaliya muka nufi Dala. Matakalar siminti ce ake bi, Kawu na hawa yana hutawa, hannunsa a kafaɗata. A kowane hutu sai ya ba ni guntun labari: Dala maharbi da dutsen ya ci sunansa, Barbushe da ke hawa shi kaɗai ya gana da Tsumburbura ya sauko ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi, sannan Bagauda da ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. Ya ce tun kafin su duka akwai maƙera a gindin dutsen nan suna narka tama. Ni dai numfashinsa nake saurare, ina tsoron kada azumi da hawa su kayar da shi.

Da muka kai sama na manta da ƙishirwa. Damina ta ɗauke ba da daɗewa ba, sararin sama garau, birni ya baje a ƙarƙashinmu ta kowace fuska. Ga Goron Dutse can yamma. Ga koriyar ƙubbar Masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa biyu, ginin da aka buɗe a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a bayansa kuma duhun itatuwan Gidan Rumfa. Jirgi na sauka a filin Malam Aminu Kano, shirwa na shawagi a ƙasa da mu. Kududdufai na ƙyalli nan da can kamar an watsa madubai. Kawu ya nuna su da sanda ya ce, "Kowane ɗaya ramin gini ne. Daga nan aka ɗebi ƙasar da aka yi gidajen da ka gani, ruwan sama kuma nan yake kwanciya. Ranar da aka cike su, ruwa zai nemi ɗakin mutane." Hayaƙin suyar ƙosai ya soma tashi daga unguwanni, rana ta yi ja.

Sai wani ladan ya ɗaga murya daga wajen gabas. Kafin ya kai ƙarshen kabbara wani ya karɓa, wani ya karɓa, har kiran ya kewaye dutsen, ɗaruruwan muryoyi, na kusa da na nesa, wani na farawa wani na idarwa. A ƙasa mutum masallacin unguwarsu kaɗai yake ji. A kan Dala na ji gari guda yana kiran salla. Tsigar jikina ta tashi, idona ya kawo ruwa. Kawu ya ciro dabino uku daga aljihun da goro yake, ya ba ni biyu. Muka sauko da sauran haske, muka shiga wani ƙaramin masallaci a gindin dutsen, inda aka jera kofunan kunun tsamiya da ƙosai a faranti. Ba wanda ya tambaye ni daga ina nake; matsawa kawai aka yi aka ba ni wuri. Muna hanyar gida bayan isha muka ji bindiga ta tashi daga wajen fada, yara suka ɓarke da ihu, rediyon mai shayi na maimaita sanarwar Sarkin Musulmi. An ga wata.

Ranar Sallah ba ta ci mini ko sisi ba. Muka bi ayari zuwa filin Idi na Ƙofar Mata, na hango Sarki Ado Bayero cikin fararen kaya ya taho da ƙafa, bayan an idar ya koma a kan doki. Da muka dawo, kwanuka sun riga mu isa zaure: tuwon shinkafa daga wannan gida, waina da miyar taushe daga wancan. Da yamma na fasa canjina na sayi gurasa bandashe, an jiƙa ta da ruwan ɗumi, an barbaɗe ta da garin ƙuli da yaji, ga albasa ga man gyaɗa. Ni da Kawu muka ci muka ƙoshi, har muka rage wa almajirin gidan.

Wuri ɗaya tak muka biya kuɗin shiga a kwana huɗun nan, Gidan Makama, washegarin Sallah da safe, abin da aka karɓa kuwa bai kai kuɗin gurasar jiya ba. Gidan yana fuskantar fada, an ce nan Rumfa ya zauna yana Makama kafin ya hau gadon sarauta. Akwai sulke da kwalkwali da lifidi, akwai tsofaffin hotuna, akwai ɗakin amarya da jeren tasoshi, wanda na daɗe a gabansa ina tuna kayan da na bari a zaure. Akwai kuma tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, manya, an lulluɓe su da ƙarfe. A gabansu ma'aikacin gidan ya ba mu labarin ranar 3 ga Fabrairu 1903, da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa suka shigo ta wajen Kabuga, Sarki Alu yana Sakkwato. Na tuna a Kabugar nan na sauka kwana uku da suka wuce da jakata, ban san me na taka ba.

Amma abin da Kawu ya fi so in gani shi ne ginin kansa. Ya sa na ɗaga kai. Rufin soro ne na ɗaurin guga, bakuna sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an jera azara a tsakaninsu kamar saƙar tabarma. Ya sa na dafa bangon, sanyi ƙalau, alhali a waje rana ta fara cizo. Ya ce, "Tubali ne da ƙasa da makuba. Ba fanka, ba lantarki. Waɗanda suka yi wannan sun san garinsu."

Bayan azahar muka fita neman wurin tsayawa don Hawan Daushe. A Ƙofar Kudu akwai rumfar manyan baƙi masu katin gayyata, can ne ake ƙarewa da jahi, mahaya su sako dawaki a guje su ja linzami a gaban Sarki. Kawu ya ce mu bar musu can. Ya kai ni bakin wani lungu a kan hanyar da Sarki ke bi bayan ya ziyarci Babban Ɗaki, gidan uwar sarki, ya ce in jingina da bango, kada in tsaya a bayan doki, in kuma riƙe takalmina da kyau. Mun fi sa'a biyu a tsaye. Wata tsohuwa ta miƙo mana ruwan randa a moɗa ta ƙofar gidanta.

Hakimai suka soma wucewa, kowanne da makaɗansa da 'yan rakiyarsa da kalar kayansa. Jama'a dawaki suke kallo, Kawu kuwa riguna yake karantawa. "Waccan tsamiya ce. Waccan saƙi. Wancan aikin keke ne, dubi yadda ya kwanta ba rai." Rawunan ɗan Kura na ɗaukar ido a rana, na tuna ɗakin 'yan bugu da hannun dattijon marina. Can sai na ji ya damƙi hannuna da ƙarfi. Wani mahayi ne a ayarin wani hakimi, cikin farar riga mai aska takwas. "Tawa ce," in ji Kawu. "Wata biyar na yi a kanta. Dubi wuyan." Ban kai ga ganin wuyan sosai ba, doki ya yi gaba, ƙura ta rufe. Mahayin bai san da mu ba. Kawu ya ci gaba da kallon inda ya ɓace, bakinsa na motsi, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Sai na dubi mutanen da ke jingine da bango tare da mu, na ce a raina Allah kaɗai ya san nawa ne a cikinsu suka ɗinka, suka rina, suka ƙera, suka jeme abin da ke wucewa.

Sannan bindigogi suka tashi, hayaƙin albarushi ya cika lungu, ƙasa na girgiza. 'Yan lifidi suka wuce, dogarai cikin ja da kore, kakaki na tsaga kunne, algaita na biye. Ga laima tana juyawa, ga Sarki a ƙarƙashinta, amawali ya rufe bakinsa, takalmin gashin jimina a likkafa, tagwayen masu a hannunsa. Tarihin Kano ya ce kakaki da figini da takalmin jimina duk Rumfa ne ya fara su. Maza suka ɗaga hannu suna jinjina, mata na guɗa daga kan soraye, ya ɗago nasa hannun a hankali ya amsa. Tsakanina da dokinsa bai fi taku biyar ba. Na tabbata na rumfa ba su gan shi kusa haka ba.

Ranar tafiyata, bayan asuba, Kawu ya ce saura abu ɗaya. Muka fita ta Ƙofar Na'isa muka bi gindin ganuwa ta waje. Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, shi ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗawa. A wasu wurare tana nan da tsayinta, ja, ruwan sama ya tsattsaga mata jiki, awaki na hawa. A wasu wuraren ta zama tudu kawai, an yanke ta an yi hanya, ko an ɗebi ƙasarta an yi bulo. Kawu ya lissafa mini ƙofofi da yatsu, Nassarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi, har da Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo da aka huda a zamanin Turawa, ya ce kowace da Sarkin Ƙofarta. Ya ce lokacin da ya zo yana yaro, a kan ganuwar nan suke zama su yi tilawa da yamma. Ya ɗebi ƙasarta a tafin hannu, ya murza, ya zubar. Shekara uku bayan haka, a 2010, na ji a rediyo an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina wata a madadinta. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Direba ya cika alkawari. Da hantsi aka ɗora kaya, Kawu ya rako ni har bakin titi, ya zura mini sauran goron a aljihu ya ce in kai wa Inna. Da na ƙirga abin da na kashe, gurasa ce, da ƙyalle, da ƙofar Gidan Makama. Kuɗin motata na nan cif. Ƙyallen yana cikin kayan da aka kai ƙanwata ɗakinta, ta rufe faifan furarta da shi shekaru.

Kawu ya rasu a 2015, Allah ya jiƙansa da rahama. A hutun ƙarshen shekarar 2024 na kai 'ya'yana biyu Kano, a watan da aka ba da labarin UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Kuɗin mota ya ninka ba adadi, 'yan acaɓa sun bar gari tun 2013, sai A Daidaita Sahu. Muka sauka a Kabuga na ce da ƙafa za mu shiga. A hanyar tsohuwar jami'ar Bayero 'yata ta tambaye ni ina ganuwar da nake ba su labari. Sai da na nemi rata tsakanin wasu shaguna biyu kafin na nuna mata jan tudu a bayansu. Da yawa daga kududdufan da Kawu ya nuna mini da sanda an cike su an yi gini. A kan Dala hazon hunturu ya rufe gari, da ƙyar muka hango koriyar ƙubba, amma mun jira magariba, kiran sallar kuwa ya kewaye mu kamar wancan karon.

Washegari na sayi goro a bakin Kurmi, muka tafi Ƙofar Mata. Ban sami dattijon ba. A ƙuryar da yake zama wani matashi ne da safar roba a hannu. Na yi masa sallama, na tsuguna, yaran suka tsuguna. Na roƙe shi ya bar ɗana ya tsoma ƙyalle sau ɗaya. Ya naɗe masa hannun riga da kansa, ya riƙe shi ta baya kada ya zame. Yaron ya tsoma, ya ɗago, ya juyo da sauri ya ce, "Baba, ai kore ne!"

Na ce, "Ɗaga shi sama. Riƙe shi haka, ka jira."